Galan Ɗin da Na Ƙara wa Haruna

Nasiru, wannan babin naka ne, ko da yake sauran 'yan'uwanka ma su karanta, don kada wani ya ce bai ji ba. Na rubuta muku labarin gonarmu ta Kangire, na rubuta yadda na koyi kanikanci, na rubuta zuwana Makka, duk ba su ba ni wahala ba. Wannan kuwa sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Kun tashi kuna jin cewa Haruna, ƙanina, mahaifin Nasiru, ganganci ne ya kashe shi, wai ya ƙi ɗaga ƙafa daga totur har ya afka ramin kamfani. Haka ake faɗa a tashar Birnin Kudu, haka Inna ta mutu tana faɗa, ni ma duk wanda ya tambaye ni haka nake gyaɗa masa kai. Ƙarya ce. Na san ƙarya ce tun ranar da abin ya faru, kuma ni ne na bar ta ta tsufa tare da ni.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni ɗan fari, Haruna auta, tsakaninmu shekara bakwai da ƙananan kaburbura uku. Inna jinin Filanin wajen Sundimina ce, ko da yake Fillancinta bai wuce na kiran saniya ba. Kunyar ɗan fari kuwa ta riƙe ta gam. Har ta bar duniya ban taɓa jin sunana Garba a bakinta ba, sai dai ta ce a kira mata yayan Haruna. A gidanmu ba a faɗin so da baki, da man shanu ake faɗinsa. In an kwashe tuwo kowa cokali guda za a sa masa, Haruna uku, har man ya taru a gefen akushi. In Baba ya yi magana sai ta ce:

"Mai ba ya kisa, Malam. Rashinsa ne ke busar da yaro."

Da wannan karatun na tashi, kuma da shi na shiga gareji. Abin da na gani a can bai ƙaryata ta ba. Duk injin da ya buga a gabana, na niƙa ne ko na mota, ƙishirwar mai ce ta kashe shi. Mai mota zai yi rowar baƙin mai, ya yi ta yawo da geji, wato sandar awon mai, a ƙasa, ranar da inji ya buga ya zo yana salati. Saboda haka mu kanikawan wancan zamani in mun yi wa wanda muke ƙauna juyen mai, mukan ɗan zarce alamar geji, mu ce mun yi masa alheri. A injin da ke tafiyar hawainiya a hanyar ƙasa wannan bai taɓa nuna illa ba, iyakaci ya yi hayaƙi kwana biyu ya daina.

Shekarar da nake ba ku labari kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, kowa ya haukace da ƙarfe. Wanda jiya jaki yake kora yau yana maganar mota. Wani kamfani ya zo yana shimfiɗa kwalta a hanyar da ta nufi Gwaram, ya gama wani miƙaƙƙen yanki a bayan gari, sumul, babu kwana, babu rami. Direbobinmu da suka ƙare ƙuruciyarsu suna lallaɓa mota cikin yashi da kwazazzabo suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Sai aka ɓullo da wata al'ada: duk Juma'a in an sauko daga masallaci, a jera mota biyu a bakin kwalbati, sarkin tasha ya cire hularsa ya saki, in ta taɓa ƙasa a fizga. Wanda ya riga wuce tsamiyar da ke can gaba shi ya ci. Nisan bai kai mil guda ba. Wanda ya ci shi ke fara lodi ranar kasuwa, amma ba lodin ake wa ba, sunan ake wa.

Haruna yana tuƙa wata ƙaramar mota mai bodin katako, mai injin gas, wato dizal, ta wani Alhaji mai hatsi. Direba ne mai tsabta har ta yi yawa. Da tsumma yake yawo a aljihu, in ya ga ɗigon mai a jikin inji sai ya goge kafin ya amsa sallama. Muna tsokanarsa muna cewa motar ce uwargida, Rakiya matarsa amarya. Ya cinye duk direbobin Birnin Kudu, sai wani Ɗanjuma na Gwaram ya zo ya ba shi kashi sau uku a jere. Haruna kam dariya ya yi, ya miƙa masa hannu. Ni ne abin ya tsaya wa a rai, domin makaniken Ɗanjuma ya tsaya a tsakiyar tasha ya ce a Birnin Kudu babu makanike, sai masu wankin sifana. Ina da zuciya a lokacin, kun dai san ragowarta. Na rantse sai na mayar masa da maganarsa ciki.

A jujin ƙarafan kamfanin titi na samo abin da suke kira bulowa, an ciro ta daga wani injinsu da ya mutu. Aikinta irin na zugazugin maƙera ne, tana ɗura wa inji iska da ƙarfi, shi kuma ya ci gas da yawa ya ba da ƙarfi da yawa. Wata guda na yi ina sassaƙa mata mazauni, ina neman bel ɗin da zai ja ta. Ranar da muka tayar, ƙarar da motar ta yi ta sa awakin unguwa suka watse. Akwai wani ɗan bututu da kowane inji ke fitar da numfashin cikinsa ta nan, yakan ɗiga mai kaɗan. Don kada ya ɓata wa Haruna inji, sai na lanƙwaso shi na ɗaure a bakin bulowar, in ya ɗigo ta shanye. Na ji daɗin wannan dabara ƙwarai, har na kira mutane na nuna musu.

Maigidana a sana'a shi ne Baba Tanko, tsohon makaniken soja, mai yatsa tara, wanda ba ya yabo sai in ya rasa abin kushewa. Ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa kwanon da baƙin mai ke zama a gindin inji.

"Garba, ka ƙara wa doki ƙarfi, ka bar masa ɗan kwanon shan ruwansa na da."

Na ce, "Baba, ai sai a ƙara masa mai."

"Yana son ƙarin mai, gaskiya ne. Zai yi zafi fiye da da. Kuma in ya fizga daga tsaye, man zai gudu ya taru a bayan kwano, famfo ya zuƙi iska. Amma wurin zaman man za ka ƙara, ba tsayinsa ba. Ka cire kwanon nan ka yanke gindinsa, ka yi masa waldar ciki mai zurfi. Ka gitta faranti biyu a ciki, masu ƙananan ƙofofi, su tare man kada ya gudu. Ka ƙara wa bututun famfo tsawo ya kai ƙasa. Sannan ka zuba galan ɗinka, ya zauna can nesa da karanshaf ɗin da ke juyi a samansa. Geji kuwa kada ya wuce alamarsa ko da faɗin farce."

"In ya wuce fa?"

Ya dube ni kamar na zage shi.

"In ya wuce, karanshaf zai riƙa burga shi kamar miyar kuka. Ka taɓa ganin inji ya sha kumfa ya rayu? Aikin kwana huɗu ne. Ka jira ni in dawo mu yi tare."

Ran Talata ke nan. Washegari ya tafi Kwandiko, an yi masa rasuwar ƙanwa, zai zauna har sadakar bakwai. Bututun da na ɗaure a bakin bulowa bai gani ba, don ta ƙarƙashi ya leƙa, ni kuma ban nuna masa ba. Na san abin da zai ce.

Mun riga mun aika Gwaram cewa Juma'ar nan za a kara. Injin walda guda ne a garin, na mai yin ƙofofi, kuma yana fama da aikin wani sabon gini, ya ce sai mako mai zuwa. A nan ne nake so ku buɗe kunne, domin nan ne labarin da kuka sani ya rabu da gaskiya. Ran Alhamis da la'asar Haruna ya same ni a gareji, ya zauna a kan tsohuwar taya yana murza tsummansa.

"Yaya, mu ɗaga abin nan zuwa Juma'a ta sama. Baba Tanko ya ce a jira shi."

"A ɗaga? Don su ce mun tsorata?"

"Su ce mana. Bakinsu ne. Rakiya ta shiga watanta, ni hankalina ma ba ya kan tsere."

Na ce masa in tsoro yake ji ya faɗa mini, in nemo wani ya tuƙa. Na ce wata guda na yi ina ƙona hannuna saboda shi. Na ce ashe man shanun da Inna ta yi ta ɗura masa bai sa masa zuciya ba, sai taushi. Wannan ta ƙarshen ita ta shige shi. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"To, Yaya. Yadda ka ce."

Haka yake tun yana yaro. Bai taɓa musu da ni ba, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa kullum ni ke da gaskiya.

Ran Juma'a da hantsi na yi masa juyen mai da hannuna. Na zuba sabo har ya kai alama. Na tsaya da galan na biyu a hannu ina tunani. Maganar Baba Tanko biyu ce, cewa injin yana son ƙarin mai, da cewa kada geji ya wuce alama. Ta farkon ta dace da abin da na sani tun daga akushin gidanmu, ta biyun kuwa na ɗauke ta tsoron tsofaffi. Na ce a raina, in man zai gudu baya ya bar famfo, to bari in cika shi yadda ko ya gudu wani zai rage. Ba da mugunta na yi ba, wannan kam Allah shaida ne. Ƙanina zan tura ya taka inji iyakar ƙarfinsa, ba zan tura shi da ƙishirwa ba. Na kafa mazurari na juye galan ɗin duka, har na girgiza shi don kada ɗigo ya rage.

Haruna ya zo cikin farar rigarsa ta Juma'a. Kamar yadda ya saba, bai shiga mota ba sai da ya buɗe bonet ya zaro geji, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗaga shi ya duba a hasken rana. Man ya haura alama da kusan yatsa uku.

"Yaya, ya yi yawa fa."

"Ni ne makanike ko kai?"

"Kai ne. Amma Baba Tanko ya ce..."

"Baba yana Kwandiko. Mai ba ya kisa. Rufe mu tafi masallaci."

Ya rufe. Na tuna har ya goge inda yatsuna suka ɓata masa bonet.

Ban taɓa ganin taro a wurin tseren nan kamar na ranar ba. Mutanen Gwaram sun zo mota biyu, na ƙauyuka sun zo a keke da ƙafa, ga masu rake, ga 'yan mata masu dafaffiyar gyaɗa. Yawancinsu can wajen tsamiya suka taru, domin nan ake ganin wanda ya ci. Kuma da yake motoci in sun wuce tsamiya sukan rage gudu su tsaya, mutane sun saba su malalo kan kwalta a bayanta, su tari gwani da kirari. Ni ina bakin kwalbati. Haruna ya leƙo ta taga ya yi mini murmushi, irin na wanda ke son a gama a tafi gida. Sarkin tasha ya saki hula.

Motar ta fizga har gabanta ya ɗaga. Kafin Ɗanjuma ya sa giya ta biyu Haruna ya ba shi tsawon mota uku. Na yi tsalle, na yi ihu, na nemi makaniken Gwaram da ido don in ga fuskarsa. Wannan farin cikin bai kai minti guda ba, kuma shi ne na ƙarshe irinsa da na yi. Wajen rabin hanya sai kukan injin ya sauya, ya haura sama, ya ƙara haurawa, ya kai inda ban taɓa jin injin gas ya kai ba. Wani hayaƙi fari mai kauri ya turnuƙe daga salansa ya rufe hanya, har Ɗanjuma ya taka birki don ba ya ganin gabansa. Mutane suna ta sowa, sun ɗauka ƙarfin bulowa ne. Ni kuwa na san hayaƙin ba na gas ba ne. Warin baƙin mai ne ya iso mu.

Bari in gaya muku abin da ke faruwa a cikin injin nan, don na yi shekara arba'in da wani abu ina kallonsa a raina. Karanshaf ya nutse cikin man da na ƙara, ya burge shi ya zama kumfa da tururi. Kumfar ta nemi hanyar fita, ta bi bututun numfashi, wanda ni na ɗaure a bakin bulowa. Bulowa ta zuƙe ta ɗura wa inji. Injin gas kuwa ba ya tambaya, duk mai da ya shigo masa tare da iska ƙona shi zai yi. Daga wannan lokacin ya daina jin totur, man cikinsa yake ci. Ko ka ɗaga ƙafa, ko ka ja wayar kashe inji, gas kawai ka tsayar, shi kuwa ya riga ya sami wani abincin. Yana ƙara gudu yana ƙara burga man, yana ƙara burgawa yana ƙara sha.

Ya wuce tsamiya bai rage ba. Sai muka ji wata ƙara kamar an fasa dutse. Daga baya na gane kuloci ya taka don ya raba inji da taya, farantin kulocin ya kasa ɗaukar wannan juyi ya tarwatse, ɓaraguzansa suka fasa ƙasan motar suka datse bututun birki. Ga mutane cike da kwalta a gabansa, mata da yara, wasu ma tafi suke yi. A hannun hagu akwai ramin da kamfani ya haƙa yana ɗibar tsakuwa, mai zurfin gaba uku, gindinsa duk dutse. Ta gefen hayaƙin na hango motar ta karkata hagu. Ba ƙwacewa ta yi ba, na san yadda mota ke ƙwacewa. Juya ta aka yi.

Ban san yadda na kai wurin ba, na dai san na tarar da mutane cirko-cirko a bakin ramin, na riga kowa sauka, takalmina ɗaya ya ɓace. Injin ya riga ya fashe ya yi shiru. Haruna yana kwance a gefe, ƙofa ta wurgo shi, farar rigar nan ta jiƙe da baƙin mai da jini. Na ɗago kansa. Idonsa a buɗe.

"Yaya, na ja waya. Ta ƙi mutuwa."

Na ce ya yi shiru, za a kai shi asibiti.

"Ban taka kowa ba ko?"

Na ce bai taka kowa ba. Ya yi kalmar shahada, ban ma gama tuna masa ba. Kafin mutane su gangaro ya cika. Ni kaɗai na ji waɗannan maganganu. Da muka zo yi masa wanka a gida, hannunsa na dama a dunƙule yake. Na buɗe yatsun a hankali, sai ga baƙin ƙullun da ke kan wayar kashe inji, da guntun waya a jikinsa. Ya ja shi har ya tsinke. Liman yana juya baya yana ɗibar ruwa, na zura shi a aljihu.

A zaman makoki labarin ya riga ya ginu ba tare da ni ba. Waɗanda ke tsamiya suka ce sun ga ya ci amma ya ƙi tsayawa, wai yana so ya nuna wa mutanen Gwaram iyakarsu. Wasu suka ce giyar nasara ce ta ɗebe shi. Dattawa suka yi ta wa'azi a kan samarin zamani da son a sani. Ina zaune a tsakiyarsu, ƙullun nan yana aljihuna yana taɓa cinyata. Kalma goma ta isa. Sau da yawa na buɗe baki, sai in tuna Inna tana cikin gida, in tuna cewa sai na tsaya a gabanta na ce ni ne. Ran sadakar uku ta sa aka kira ni. Ba ta dube ni ba, bango take kallo.

"Kai ne babba. Ba ka hana shi ba?"

Ga ƙofa ta buɗe mini. Na ce:

"Inna, kin san halin yaran yanzu."

Ta ce, "Ni na lalata shi." Ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, ni kuwa na tsaya ina kallo ta ɗauka.

Baba Tanko ya dawo kwana biyu bayan sadakar ukun. Bai zo gidan makoki ba sai da ya fara sauka ramin. Ya same ni a gareji ni kaɗai, yana riƙe da gejin motar da guntun bututun nan da na lanƙwasa. Ya ajiye su a kan benci a gabana.

"Galan nawa aka ƙara?"

Na ce ɗaya.

"Wa ya zuba?"

Na kafa wa gejin ido. Ya ce:

"Yaron nan ya ceci mutum ya fi ashirin, ana zaginsa a tasha. Ba ni zan faɗa ba, Garba, ba nawa ba ne. Je ka gaya wa uwarka."

Na ce zan faɗa bayan sadakar arba'in. Bayan arba'in na ce sai ta ɗan warware. Kai kuma, Nasiru, an haife ka kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar, na ce ba yanzu ba, kada a haɗa wa Rakiya jego da wannan. Baba Tanko ya rayu shekara tara bayan haka. Kullum ina gaishe shi yana amsawa, amma bai sake taɓa motar da na taɓa ba, bai kuma sake kirana Garba ba, sai Malam. A garejin kowa ya ɗauka girmamawa ce.

Tun daga makon da aka yi rasuwar, akushina ya fara zuwa daga ɗakin Inna da cokali uku na man shanu. Ba ta ce komai ba, kunyar ɗan fari ba ta bari ba, sai man ya faɗa. Abin da na yi ƙuruciyata ina leƙe a akushin Haruna ina haɗiyar yawu, ga shi ya zo mini. Shekara goma sha shida tana zubawa ina ci, yana tsaya mini a wuya. Kun sha tambayata me ya sa ba na cin man shanu tun da ta rasu, na ce muku likita ne ya hana. Ba likita ba ne.

Da Rakiya ta sake aure aka bar mini kai, na riƙe ka, mutane suna ta sa mini albarka, wai ga ɗan'uwa na gari. Na hana a koya maka tuƙi, ka ɗauka tsoron gado nake yi. Ina ji ana ce maka ɗan mai ganganci in ka yi rawar kai irin ta yara, ban taɓa tsawatar wa kowa ba. Ranar da ka zo daga makaranta da leɓe a fashe don wani ya ce ubanka ya kashe kansa a banza, ni na wanke maka bakin, na ce ka yi haƙuri, kowa da ƙaddararsa. Kana ta girma kana jin kunyar mutumin da ya kamata ka yi tinƙaho da shi. Da aka haifa maka ɗan fari na ce ka sa masa Haruna, ka ce mini:

"Baba, wanda ya riƙe ni shi ne ubana. Wancan ko ganina bai tsaya ya yi ba."

Ka sa wa yaron Abubakar, sunana. Aka yi ta yi mini barka. Na shiga bayan gida na yi kukan da ban yi a ramin ba, na wanke fuska na fito na ci gaba da raba goro.

Ban rubuta wannan don a ce na yi jarumtakar faɗa ba. Waɗanda ya kamata su ji, Inna da Rakiya da Baba Tanko, duk sun tafi, na jira har babu wanda zai iya tsinka mini mari. Kai kaɗai ka rage. Ubanka ya so ya ga haihuwarka, ya roƙe ni a ɗaga tseren saboda kai, na kira shi matsoraci. Ya ga man ya yi yawa ya faɗa, na rufe masa baki da girma. Ya ɗaga ƙafa, ya ja waya, ya taka kuloci, ya taka birki, da duk suka ƙi ya zaɓi rami ya bar mutane. Akwai tsofaffi a garin nan masu jikoki da ba su san cewa shi ya bar musu ransu ba.

In ka ga dama ka yafe mini, in ba ka ga dama ba ba zan ce ka yi laifi ba. Na ji matar Abubakar tana da ciki. Ba ni da bakin da zan roƙi komai, amma in namiji ne, ka san sunan da aka hana shi wuri a gidan nan.

A ƙarƙashin gadona akwai akwatin ƙarfe, makullinsa yana cikin aljihun jakar Makka. Can ƙasa, cikin wani tsohon tsumma, za ka sami baƙin ƙullu da guntun waya. Tsumman ma nasa ne. Ka duba wayar da kyau, inda ta tsinke. Ba tsatsa ce ta ci ta ba, hannun ubanka ne.